Yadda Za Ka Kammala Biyan Bashin Gida Kafin Wa'adi

Takardar bayanin shekarar farko da banki ya aiko min ce ta farkar da ni. Wata goma sha biyu ina biya ba fashi, wani watan ma sai da na matse sosai, amma da na ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta abin da ya rage a kaina, sai na ga kamar ban taɓa biyan komai ba. Na ɗauka kuskure suka yi. Na ɗauko takarda da biro na buga lissafin da kaina har sau biyu, ya fito daidai da nasu. Babu wanda ya cuce ni. Haka bashin gida yake tafiya, ni ne ban sani ba.

Wanda ya gane abin da na gane a wannan dare ya riga ya yi rabin aikin, don haka daga nan za mu fara.

Mataki na farko: ka san inda kuɗinka yake tafiya

Kowane biya na wata kashi biyu ne. Akwai kuɗin ruwa, akwai kuma abin da ke rage uwar kuɗi. Banki yana lissafa ruwan ne a kan abin da ya rage a kanka, shi ya sa a shekarun farko, lokacin da bashin yake da nauyi, ruwa ne ke lashe kusan komai.

Ɗauki misali, kowane irin kuɗi kake amfani da shi. Ka ranci 200,000, ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, za ka biya cikin shekara 30. Biyanka na wata zai kama 1,199. A watan farko, 1,000 daga ciki ruwa ne, 199 kacal ke taɓa uwar kuɗi. Bayan shekara ɗaya ka zuba kusan 14,400, amma bashin ya ragu da 2,456 ne kawai. Sai ka shiga shekara ta 19 kafin abin da ke rage uwar kuɗi ya fara rinjayar ruwa a cikin biyan wata. Idan ka bi wa'adin har ƙarshe, ruwan da za ka biya ya kai kusan 231,700, wato ya fi kuɗin da ka ranta.

To, duk abin da ka ƙara a kan 1,199 ɗin nan, ruwa ba shi da rabo a ciki. Kai tsaye yake faɗa wa uwar kuɗi, muddin ka gaya wa banki haka. Da uwar kuɗi ta ragu, ruwan wata mai zuwa ya ragu, sai wani kaso mafi girma na biyanka ya sake faɗa mata, haka abin zai yi ta gangarawa. A wannan misali, ƙarin 100 duk wata yana yanke shekara 5 da wata 5 daga wa'adin, ya kuma rage maka ruwa kusan 49,000. Ƙarin 200 yana mayar da shekara 30 ta koma 21, ruwan da ka tsira da shi ya kusa 80,000.

Lokaci ma yana da nasa ƙarfin, kuma wannan ne mutane suka fi sakaci da shi. Idan ka samu 10,000 ka zuba a ƙarshen shekarar farko, za ta kare ka daga ruwa kusan 41,000, ta yanke shekara uku da rabi. Wannan 10,000 ɗin dai, idan ka jira sai bayan shekara 20, abin da za ta kare ka daga gare shi bai wuce 7,600 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin ƙari da aka fara yau ya fi babban da ake jira sai hali ya yi.

Mataki na biyu: ka karanta yarjejeniyarka kafin ka ƙara ko ƙwandala

Ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu, wadda yawancinmu muka jefa cikin durowa tun ranar karɓar makulli. Abu huɗu kake nema a ciki: nawa ne ruwan, tsayayye ne ko mai hawa da sauka, yaya ake lissafa shi, sannan akwai tara a kan biya kafin lokaci ko babu.

Maganar tara ita ce babba. Banki ya riga ya sa rai da ruwan shekaru, don haka wasu yarjejeniyoyi suna cin mutum tara idan ya gaggauta. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, yawancin bashin da ke da tsayayyen ruwa suna barin ka ƙara har kashi 10 cikin 100 na bashin a shekara ba tare da tara ba, abin da ya haura haka ana cajin sa, galibi tsakanin kashi 1 zuwa 5. A Faransa doka ta iyakance tarar: ba za ta wuce ruwan wata shida na abin da ka biya ba, ba kuma za ta wuce kashi 3 cikin 100 na ragowar bashin ba. A Jamus, bayan shekara goma mai bashi yana da ikon ba da sanarwar wata shida ya biya duka ba tara. A Amurka, tun bayan dokar gyaran harkar kuɗi ta 2010, an taƙaita irin wannan tara ƙwarai, inda aka yarda da ita ma ba ta wuce shekara uku na farko. A Indiya babban banki ya hana bankuna cajin tara a kan bashin gida mai ruwa mai hawa da sauka. Na kawo waɗannan ne don ka ga cewa abin da ya yi wa wani aiki a wata ƙasa zai iya ja maka asara a taka. Takardarka ce alƙali.

Idan akwai iyaka, ka tambaya a faɗa maka a rubuce: kashi nawa ne, a kan asalin bashin ake aunawa ko a kan ragowar, kuma shekarar daga wane wata take farawa. Wasu suna ƙirgawa daga Janairu, wasu daga ranar da ka karɓi bashin.

Yadda ake lissafa ruwa ma ya shafe ka. Idan kullum ake lissafawa, ƙarinka ya fara aiki tun ranar da ya shiga, ba dalilin ajiye shi. Idan sau ɗaya ne a shekara, kuɗin da ka zuba a farkon shekara zai zauna ne a hannunsu bai rage maka komai ba. A irin wannan hali ka tara shi a asusun ajiya, ka zuba dab da ranar lissafi.

Masu amfani da bankin Musulunci, tsarinku daban ne, kuma ya kamata ku san wanne kuke ciki. A tsarin musharaka mai raguwa, kai da banki kuka haɗa hannu kuka sayi gidan, kana biyan haya a kan kasonsa kana kuma saye shi kaɗan-kaɗan. Duk ƙarin kason da ka saya da wuri yana rage hayar. A murabaha kuwa an riga an yanke farashi da riba tun ranar ciniki, saboda haka gaggauta biya ba ya rage komai da kansa, sai in banki ya yi maka rangwamen da ake kira ibra'i. A Malesiya babban banki ya wajabta wa bankuna wannan rangwame, a wasu wuraren kuma ganin dama ne. Ka tambaya kafin ka zuba.

Mataki na uku: ka gyara sauran lamuran kuɗinka tukuna

Nan ne nake ja wa mai zumuɗi birki. Kuɗin da ka zuba a bashin gida ya shiga bango, ba ka cire shi ranar da aiki ya tsaya ko rashin lafiya ta zo. Kuma banki ba zai ce tunda ka yi ƙari bara, bana ka huta ba, sai in yarjejeniyarka ta tanadi haka. Mutum zai iya wuce jadawalinsa da shekara biyar, ya kasa biyan wata uku a jere, ya shiga tashin hankali daidai da wanda bai taɓa ƙara komai ba.

Saboda haka ka fara da ajiyar ko-ta-kwana, abin da zai riƙe gidan wata uku zuwa shida, har da biyan bashin kansa. Wanda samunsa ba tsayayye ba ne, kamar ɗan kasuwa ko mai aikin hannu, ya karkata ga shida ko fiye.

Sai sauran basussuka. Katin bashi, bashin mota da ƙananan rance kusan kullum ruwansu ya fi na gida tsada. Ba hikima ba ce ka kashe bashi mai ruwa kashi 6 alhali wani mai kashi 20 yana ci gaba da haihuwa. Ka fara da mafi tsada. Idan kuma wurin aikinka suna ƙara maka kuɗi daidai da abin da ka zuba a fansho, ka karɓi wannan gaba ɗaya tukuna, domin babu ƙarin biyan da zai ba ka irin wannan riba.

Akwai kuma halin da ƙarin biya ba shi ne mafi riba ba. Idan ruwan bashinka ƙarami ne kuma tsayayye, asusun ajiya yana ba ka fiye da shi bayan an cire haraji, to lissafi ya ce ka ajiye, ka zuba dunƙule ranar da lokacin tsayayyen ruwan zai ƙare. Haka idan farashin kaya yana hauhawa sosai kuma albashinka yana bin sa, nauyin tsayayyen bashi yana raguwa da kansa. Na yarda da wannan lissafi. Amma na kuma san cewa kuɗin da ke zaune a asusu ido na ganinsa, hannu na kai masa. Kai ka san halinka. In ka san za ka taɓa, gara ka zuba.

Mataki na huɗu: kasafi, inda kuɗin ƙarin zai fito

Kowa yana ganin ba shi da rarar komai, har sai ya rubuta. Ka ɗauko bayanan asusunka na wata uku da suka wuce, ka bi su layi-layi da biro. Kada ka yi daga ka, ƙwaƙwalwa tana rufa wa mai ita asiri. Ka raba kashe-kashen gida uku: wanda ba makawa kuma adadinsa ɗaya ne duk wata, wanda ba makawa amma yana hawa yana sauka, da wanda sha'awa ce.

Da na yi nawa, abin da ya ba ni mamaki ba manyan abubuwa ba ne. Ƙananan cire-cire ne da suke fita da kansu duk wata: manhajar da na daina buɗewa, rajistar da na manta na yi, inshorar da take sabunta kanta da ƙarin farashi ban taɓa neman ragi ba. Na zagaye su da jan biro, na haɗa, sai ga rabin ƙarin da nake nema ya fito ba tare da na hana kowa komai ba.

Akwai rukuni na huɗu da ke rusa kasafin mutane da yawa, wato abubuwan da ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara: gyaran mota, kuɗin makaranta, haraji, gyaran rufi ko famfo. Ba su zo ba-zata ba, mun san za su zo, mantawa muke yi. Ka haɗa jimlarsu ta shekara, ka raba gida goma sha biyu, ka riƙa ware wannan duk wata a wuri daban. In ba haka ba, watan da suka faɗo ƙarin bashi ne zai fara tafiya.

Sannan ka zauna da wanda kuke zaune tare. Ni na yi kuskuren yanke adadi ni kaɗai, na zo ina sanarwa. Matata ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Maigida, gidan da muke gaggawar mallaka, ai a cikinsa muke zaune yanzu. Yaran nan ba za su jira shekara ashirin kafin su ji daɗinsa ba." Gaskiya ta faɗa. Muka rage adadin da na yanke da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma wannan ragaggen adadin ne ya ɗore. Ƙarin da za ka iya riƙewa shekara goma ya fi wanda zai gajiyar da kowa a wata huɗu.

Da kun tsayar da adadi, ka sa banki ya riƙa cire shi da kansa washegarin shigar albashi. Kada ka ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata, domin ba abin da ke ragewa. Abin da ya fita tun farko, gida yana saba wa rashinsa cikin wata biyu ko uku.

Mataki na biyar: ka gaya wa banki abin da kake so a yi da kuɗin

Wannan matakin ya fi sauran gajarta a aikace, amma shi ne ya ci ni. Wata biyar ina tura ƙari ina jin daɗi, da na duba sai na ga uwar kuɗi ba ta motsa yadda lissafina ya nuna ba. Na kira su. Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Yallaɓai, kuɗin suna nan, an ajiye su ne a matsayin biyan watanni masu zuwa." Wato suna zaune suna jira, ruwa kuma yana ta hawa a kan cikakken bashin. Sai da na rubuta takarda aka mayar da su kan uwar kuɗi.

Don haka ka rubuta ƙarara cewa duk ƙari na rage uwar kuɗi ne. Bayan biyan farko ka duba ragowar da idonka.

Tambaya ta biyu da za su yi maka, ko su yanke maka in ba ka yi magana ba, ita ce: a rage wa'adi ne ko a rage biyan wata? Mu koma kan 10,000 ɗin nan ta ƙarshen shekarar farko. Idan ka ce a rage biyan wata, zai sauko daga 1,199 zuwa 1,138, wa'adin na nan yadda yake, ruwan da ka tsira da shi kusan 11,000 ne. Idan ka bar biyan wata yadda yake wa'adi ya ragu, kusan 41,000 ne. Kuɗi ɗaya, rana ɗaya, bambancin kalma ɗaya ce a takarda. Mai son gamawa da wuri ya zaɓi rage wa'adi. Rage biyan wata yana da amfaninsa ga wanda ke hango matsi a gaba, kuma ba laifi ba ne, amma ya zama da saninka ka zaɓa.

Ka lura da bambanci tsakanin ƙari na ganin dama da canza yarjejeniya a hukumance zuwa gajeren wa'adi. Na biyun yana ɗaure ka da babban biya ko kana da hali ko babu. Na farkon kuwa za ka iya dakatar da shi watan da abubuwa suka cakuɗe. Ni na fi son in riƙe linzamin a hannuna.

Mataki na shida: ka riƙa ƙara wa ƙarin

Adadin da ka fara da shi ba shi ne na har abada ba. Duk lokacin da aka ƙara maka albashi, ka tura rabin ƙarin kan bashin tun kafin gida ya saba da shi. Ranar da ka gama biyan mota ko wani rance, kuɗin da ka saba fitarwa su juya kan gida a watan, kada su narke cikin hidima. Kuɗin da ya faɗo ba zato, ka yanke masa ƙa'ida tun kafin ya zo, misali rabi bashi, rabi iyali, don kada a yi ta muhawara kowane karo.

Masu karɓar albashi duk mako biyu suna da wata dabara. Idan ka biya rabin kuɗin wata duk mako biyu, a shekara ka biya rabi 26, wato cikakken biya 13 maimakon 12. Ba sai ka biya wani kamfani ya tsara maka wannan ba. Ka raba biyan wata gida goma sha biyu ka ɗora kashi ɗaya a kan kowane wata, sakamakon kusan ɗaya ne. A misalinmu shi ne ƙarin 100 ɗin da muka gani.

Idan ruwanka mai hawa da sauka ne ya sauko, kada ka sauko tare da shi. Ka ci gaba da biyan tsohon adadi, bambancin ya zama ƙari. Haka idan ka sauya bashin zuwa mai rahusa, amma ka haɗa duk kuɗin sauyin ka raba da abin da za ka rage duk wata, ka ga wata nawa zai ɗauka kafin ya mayar da kansa. Kuma ka kula kada a sake maka sabon wa'adin shekara 30 alhali saura 22 suka rage maka.

Raguwar bashin tana buɗe wasu ƙofofi. Bankuna sukan ba da ruwa mai sauƙi ga wanda bashinsa ya yi ƙasa idan aka auna da darajar gidan. A Amurka, wanda ke biyan inshorar da ke kare mai ba da bashi yana iya neman a cire ta idan bashin ya sauko kashi 80 cikin 100 na asalin darajar gidan. A Ostireliya da Birtaniya akwai asusun da ake haɗawa da bashin, duk abin da ke ciki ana cire shi daga bashin kafin a lissafa ruwa, kuɗin kuma suna nan za ka iya ɗauka. Inda ake samun irinsa, wuri ne mai kyau na ajiyar ko-ta-kwana.

Sau ɗaya a shekara ka zauna da sabuwar takardar bayani, ka kwatanta ragowar da ta jadawalin asali, ka duba ko ka kusa iyakar da ke jawo tara. Ni ina rubuta ragowar a bayan murfin wani littafi duk shekara, layi ƙarƙashin layi. A shekarun tsakiya, lokacin da zumuɗin farko ya wuce ƙarshe kuma bai bayyana ba, wannan jerin lambobin ne ya hana ni sakewa.

Mataki na ƙarshe: rufe bashin yadda ya kamata

Idan ya rage kaɗan, kada ka tura adadin da ka gani a manhaja ka ce shi ke nan. Ka nemi banki ya ba ka adadin rufewa a rubuce, na takamaiman rana, domin ruwan kwanaki yana ci gaba da hawa, wani lokacin kuma akwai ɗan kuɗin rufe asusu. Idan 'yan watanni suka rage lokacin tara ya wuce, ka lissafa, sau da yawa jiran ya fi arha.

Bayan ka biya, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai. Ka tabbatar an cire sunan banki daga rajistar gidan a ofishin da ke kula da filaye, ka kuma karɓi asalin takardun mallaka idan suna hannunsu. Kada ka soke umarnin cire kuɗi sai shaidar ta shigo hannunka. Idan banki ne yake biya maka inshorar gida ko harajinsa daga cikin biyan wata, daga yanzu sun dawo wuyanka: ka sanar da kamfanin inshora ya cire sunan banki, ka rubuta ranakun biyan, ka kuma tambaya ko akwai ragowar kuɗinka a asusun da suke biya daga ciki, a mayar maka.